Buhunan Geron da Muka Kulle

Karatu: Yakubu 4:13-17

Wannan makon mu ne, matasan zumunta na Kajiji, aka ba damar kawo abin da za mu yi tunani a kai. Mun daɗe muna ja da baya wajen rubuta wannan labari, domin bai nuna mu da kyau ba. Amma mun nemi izinin waɗanda abin ya shafa, sun ce mu faɗa, kada dai mu kama suna. Haka kuwa za mu yi.

Ga wanda bai san Kajiji ba, gari ne a Ƙaramar Hukumar Shagari ta Jihar Sakkwato, a kan babban titin da ya taso daga birnin Sakkwato, ya bi ta Bodinga da Shagari, ya nufi Tambuwal da Jega. Mutanen garin manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, kuma kusan dukansu Musulmi ne. Mu masu bi kaɗan ne. Iyayen wasunmu aikin koyarwa ko na asibiti ne ya kawo su, wasu daga ƙasar Zuru, wasu daga kudancin Kaduna, wasu kuma kasuwanci ya kawo su daga kudu. Yawancinmu ba mu da gonar kanmu. Titi shi ne gonarmu. A cikin zumuntarmu akwai mai faci, akwai ɗan kabu-kabu, akwai mai sayar da katin waya da cajin waya, akwai tela, akwai wadda take taimaka wa uwarta sayar da abinci ga direbobi. In mota ta tsaya, mun ci. In ba ta tsaya ba, sai mu duba abin da ya rage jiya.

A farkon shekarar 2020 muna da wani shiri da muke alfahari da shi. Shekara guda cur muna tara kuɗi a asusun zumunta domin mu sayi kayan kiɗa na zamani da lasifika, mu daina sujada da ganga ɗaya da kacau-kacau. Mun riga mun tsayar da waɗanda za su tafi Kano sayayya, mun tsayar da ranar tafiya, har mun zaɓi waƙoƙin da za mu fara rerawa da sababbin kayan a ranar Ista. Ba wanda ya ce a cikinmu, in Ubangiji ya yarda. Ba don ba mu gaskata ba ne. Mun dai ga kuɗin a hannu, mun ga titi a buɗe, sai muka ɗauka magana ta ƙare.

Ranar 27 ga Fabrairu aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Najeriya, a Legas. Mun ji a rediyo, muka ce Legas da nisa. A cikin watan Maris aka rufe makarantu. Kafin watan ya ƙare, gwamnatin Jihar Sakkwato a ƙarƙashin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyoyin shiga jihar, in ban da motocin da ke ɗauke da abinci da magani. Ranar 30 ga Maris dokar kulle ta fara aiki a Legas da Ogun da Abuja. A tsakiyar Afrilu aka kulle Kano, garin da muka shirya zuwa. Daga 4 ga Mayu kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya hana tafiya tsakanin jihohi a duk ƙasa, ya sa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Ga iyakar Illela dama tun watan Agustan 2019 take a rufe. Ƙofa bayan ƙofa, sai muka wayi gari a cikin ɗaki.

Ba za mu manta da shirun titin ba. Mu da muka girma da ƙarar tirela a kunne, har ba ma iya barci in babu ita, sai ga shi da rana tsaka kana jin kukan kurciya daga bakin kwalta. Awaki suna kwanciya a tsakiyar hanya. An rage kuɗin litar man fetur daga naira 145 zuwa 125 a cikin watan Maris, amma ina fasinjan da za a ɗauka? Mai faci yana zaune daga safe zuwa yamma bai taɓa taya ba. Mai shayi ya rage burodin da yake karɓa. Motocin abinci da doka ta yarda su wuce ma sun ragu, domin direbobi suna kuka da yawan shingaye da jinkiri, ga albasa da tumatir ba sa jiran kowa a zafin watan Afrilu. 'Yan ci-rani da suka saba dawowa gida kafin ruwan farko suka maƙale a kudu, kuɗin da suke aikowa kuma ya tsaya.

Da farko wasunmu sun ce cutar ta manya ce, ta masu hawa jirgi. Da Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu ranar 17 ga Afrilu, sai suka ce, kun gani ko. Amma ranar 20 ga Afrilu aka tabbatar da cutar a Sakkwato. Sai kuma labarin yawan mace-mace ya fara zuwa daga Kano. Daga baya, a watan Yuni, Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙidaya mutum 979 da suka mutu a wannan lokaci, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa da nasaba da korona. Mun kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka muna cewa dokar banza ce. Cutar gaskiya ce, ta kashe mutane. Yunwar da dokar ta kawo ita ma gaskiya ce. Tsakanin waɗannan biyun aka ajiye mu.

Ista ta faɗo ranar 12 ga Afrilu. Muka yi sujada mu kaɗan, nesa da juna, a ƙarƙashin dogon yaro, da gangarmu ɗaya. Bayan an tashi sai shugabannin zumunta muka tsaya a kan maganar kuɗin asusu. Wani a cikinmu, mai kaifin lissafi, ya kawo shawara. Ya ce tun da tafiya Kano ta fasa, kada kuɗin ya kwanta. Farashin hatsi yana hawa kowace kasuwa, kuma zai ƙara hawa in damina ta kama. Mu sayi gero yanzu, mu ajiye, mu sayar a watan Yuli ko Agusta. Da ribar sai mu sayi kayan kiɗa mafi kyau, har da janareta. Ya ce ai Yusufu ma ya tara hatsi a Masar. Ya ce ba aljihunmu za mu sa ba, aikin Ubangiji ne.

Muka yarda. Ba wanda ya ɗaga murya. Kuɗin ya sayi buhu shida. Da yamma muka shigo da su a kura, muka jera a ƙaramin ɗakin ajiya na majami'a, bayan kujerun roba, muka rufa musu tsohuwar tabarma, muka sa kwado. Muka yi addu'a a bakin ƙofa, muka roƙi Allah ya sa albarka. Yanzu da muke rubuta wannan muna tambayar kanmu: mece ce albarkar da muka roƙa? Domin gero a ɗaki ba ya haihuwa. Hanya ɗaya ce kawai zai kawo riba, wato abinci ya ƙara tsada a garinmu. Mun durƙusa mun roƙi Allah, ba tare da mun faɗa da baki ba, ya sa maƙwabtanmu su ƙara shan wuya.

A cikin waɗannan makonni ne kuma muka tasa wani ɗan'uwanmu a gaba. Shi ne ɗan kabu-kabunmu. Da aiki ya tsaya a gari, sai ya koma can wajen iyakar jiha, bayan Tambuwal, yana ɗaukar fasinjojin da motoci suka sauke kafin shinge, ya bi da su ta cikin gonaki ya fitar da su a ɗaya gefen. Kuɗin da yake samu a rana ya fi na mako guda a da. Ran Lahadi baikonsa ya fi na kowa. Muka kira shi, muka karanta masa Romawa 13 a kan biyayya ga hukuma, muka ce yana iya kwaso cuta ya kawo wa tsohuwarsa da ikilisiya duka. Abin da muka faɗa masa gaskiya ne, har yau ba mu janye ba. Ya saurare mu har muka gama. Sai ya ce, "Na ji, 'yan'uwa. To in na ajiye babur gobe, wa zai ba Mama da ƙannena abinci? Ku ne?" Muka ce Allah zai tanada. Muka faɗi haka muna zaune a kan benci, bangon ɗakin ajiya yana bayanmu, buhu shida suna ciki.

Akwai wata uwa a ikilisiyarmu, gwauruwa, da dukanmu muke kira Mama. Kowane yaro a cikinmu ya ci ƙosanta kyauta. Tana da injin markaɗe, wanda mijinta ya bar mata. Da shi take markaɗa wakenta, take kuma yi wa matan unguwa markaɗe a biya ta. Direbobi da fasinjoji su ne masu sayen ƙosanta da kununta. Da titi ya mutu, ciniki ya mutu. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, ta koma suya da yamma domin masu buɗe baki, amma kowa a lokacin yana lissafin kwabonsa, mai da wake kuma sun yi tsada. Tana da jikoki uku a gabanta. Kowace Lahadi muna gaishe ta, "Mama, ina gajiya?" Ta ce, "Babu gajiya, 'ya'yana, mun gode Allah." Mu kuma muka karɓi amsar, domin ita ce amsar da ba za ta dame mu ba.

Wanda ya buɗe mana ido ba mai bi ba ne. Wani dattijo ne mai shagon kayan masarufi a bakin titi, Alhaji, wanda ya san iyayenmu tun zuwansu garin. A tsakiyar watan Mayu ma'ajiyarmu ta je rage bashin gidansu. Ya buɗe littafin bashi yana neman sunan babanta, ita kuwa tana kallon shafukan suna wucewa. Ta ce rabin gidajen ikilisiyarmu suna cikin littafin nan, tare da na sauran mutanen unguwa. Mudu biyu na gari, kwalbar mai, sabulu, ashana. Ta ce masa, "Baba, wannan bashi haka, ba ka tsoron karyewa?" Ya ce, "Ɗiyata, wanga ciwo bai san masallaci ba, bai san coci ba. Yunwa ma haka. In hanya ta buɗe a biya ni." Sai ya ƙara da cewa, "Amma ku yaran coci, kun san tsohuwarku mai ƙosai ta sai da injinta? Na ce ta bari in ranta mata, ta ce bashin ya yi mata yawa."

Ba mu sani ba. Kwana goma da sayar da injin, ba mu sani ba. Kuma ta sayar da shi a araha, domin a lokacin kowa mai sayarwa ne, babu mai saye.

Daren nan ma'ajiya ta bi mu gida gida kafin ƙarfe 8. Kashegari da sassafe muka taru a gaban ɗakin ajiya, muka kira fasto da ɗaya daga cikin dattawa, muka faɗa musu komai, domin ba mu taɓa gaya musu abin da ke bayan kujerun ba. Wannan ma ya isa ya nuna mana tun farko cewa zuciyarmu ba ta kwanta da abin ba. Dattijon bai yi mana tsawa ba. Ya ce mu buɗe Farawa 41 mu karanta da kanmu. Muka karanta. Ya ce, "Yaushe Yusufu ya tara?" Muka ce a shekarun ƙoshi. "Yaushe ya buɗe?" Muka ce a lokacin yunwa. Ya ce, "To ku fa?" Sa'an nan ya ce in mun koma gida kowa ya duba Karin Magana 11:26, ya ga abin da aka faɗa a kan mai ɓoye hatsi. Muka cire kwadon.

Buhu shida ba su da yawa in an fara aunawa. Muka rubuta gidaje, muka fara da gwauraye da masu ƙananan yara. Wani ya tambaya ko na ikilisiya ne kawai za a ba. Ma'ajiya ta ce littafin Alhaji bai raba shafi ba. Sai muka sa maƙwabta a ciki: matar wani ɗan ci-rani da mijinta ya maƙale a kudu, wani tsohon ɗan kamasho, yaran mota biyu da maigidansu ya bari a gari. Muka kai da yamma, kafin shan ruwa, a cikin leda da ƙananan buhuna, ba tare da ɗaukar hoto ba. Kwana kaɗan kafin Ƙaramar Salla, wadda aka yi ranar 24 ga Mayu, ɗakin ya koma kujeru da tabarma. Muka kai wa gidan ɗan kabu-kabunmu nasu rabo. Ya rage zuwa iyaka, ko da yake bai daina gaba ɗaya ba sai da aka ɗage dokar. Ba za mu yi muku ƙarya mu ce gero ya gyara komai ba.

Injin Mama kuwa bai dawo ba. Wanda ya saya ya riga ya wuce da shi wani gari. Da muka je neman gafararta, muka durƙusa, sai ta ce, "Ku tashi, 'ya'yana. Ni ma da laifina, da na faɗa." Amma mun san ba haka ba ne. Mace mai shekarunta ba za ta tsaya a gaban yaran da ta goya ta ce tana jin yunwa ba. Aikinmu ne mu duba tukunyarta. Sai da muka yi fiye da shekara muna tarawa, tare da Zumuntar Mata, kafin aka saya mata wani injin na hannu. A tsakanin nan ta yi ta kai markaɗe wurin wasu tana biya. Wannan shi ne kuɗin jinkirinmu na wata guda, kuma ba mu ne muka biya shi ba.

Ranar 1 ga Yuli aka ɗage dokar hana tafiya tsakanin jihohi. Tireloli suka dawo, titi ya farfaɗo. A watan Oktoba na wannan shekara muka ga a waya yadda jama'a suka fasa manyan ɗakunan ajiya a Legas da Jos da wasu garuruwa, suna fitowa da buhunan kayan tallafin korona a ka. Duk ƙasa ta ɗauki zancen, ana tambaya yadda za a ce abinci yana kulle alhali mutane suna yunwa. Muna zaune a wurin mai cajin waya muna kallo, wani ya fara zagi. Sai ɗan kabu-kabunmu ya ce a hankali, "Nasu dai ya fi namu girma ne." Ba wanda ya amsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Yanzu mu koma ga karatunmu. Yakubu yana magana ne da 'yan kasuwa masu tafiye-tafiye, mutane irinmu, waɗanda suka gama lissafin garin da za su, da tsawon zaman da za su yi, da ribar da za su dawo da ita. Ya tuna musu cewa ba su da iko ko da a kan gobe. A lokacin kulle mun ji wa'azi da yawa a kan wannan, mu ma mun koyi sa nufin Allah a gaban shirinmu. Amma mun lura yawancinmu muna tsayawa a aya ta 15 ko ta 16. Ku karanta ta 17. A can ne ya ɗaure zancen, inda ya nuna cewa sanin abin kirki ba tare da aikata shi ba, shi ma zunubi ne. Da muna ganin ayar kamar ba ta da haɗi da zancen tafiya da ciniki. Yanzu mun gane haɗin. Mutumin da idonsa yake kan ribar watan Agusta ba ya ganin wanda ke tsaye a gabansa a watan Mayu. Gobe ba tamu ba ce, amma yau an ba mu, da abin da ke hannunmu, da maƙwabcin da ke kusa.

Duk tsawon watannin nan addu'armu ɗaya ce: Ubangiji, ka buɗe hanya. Ba laifi ba ne a roƙi haka. Sai dai mabuɗin titi ba ya hannunmu. Akwai ƙofa ɗaya a Kajiji da mabuɗinta yake aljihunmu, ita ce kuwa muka bari a kulle.

Ba muna cewa ciniki zunubi ba ne, ko ajiyar hatsi haram ce. Manomi yana da rumbu, ɗan kasuwa yana saye da kaka ya sayar da bazara, kuma da haka gari yake samun abinci duk shekara. Kayan kiɗa ma ba mugun abu ba ne, daga baya Allah ya ba mu. Tambayar da muke so kowace zumunta ta yi wa kanta ita ce: ribar da muke jira, daga wuyan wa za ta fito? Kuma wane ne a cikinmu yake amsa gaisuwa da "mun gode Allah" alhali bai hura wuta ba tun jiya?

Korona ta wuce, amma irin wannan lokaci bai daina dawowa ba. A farkon 2023 ƙarancin takardun naira ya sake tsayar da ciniki a bakin titinmu, bayansa kuma tsadar mai ta zo. Abin da muka tsayar tun daga 2020 shi ne, kashi ɗaya na duk abin da ya shiga asusun zumunta ba a taɓa shi don kaya ko tafiya, na masu bukata ne. Kuma kowane wata mutum biyu suna zagaya gidajen gwauraye da tsofaffi, ba gaisuwar bakin ƙofa ba, a shiga a zauna. Ba kullum muke cikawa ba. Ku riƙa tunawa da mu a addu'a.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne mai buɗewa, kai ne mai rufewa. Ka gafarta mana lokutan da muka sa sunanka a kan abin da son zuciyarmu ya shirya. Ka ba mu idon ganin wanda kunya ta hana shi roƙo. Ka sa wa maƙwabtanmu albarka, waɗanda suka ɗauki nauyinmu ba tare da sun tambayi addininmu ba. Ka kiyaye direbobi da fasinjoji da duk masu neman abinci a bakin hanya. In ka bar wani mabuɗi a hannunmu yau, kada ka bari mu kwana da shi. A cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.